Kara da Yumɓu da Toka: Tarihin Koyon Ƙananan Yara ta Hanyar Wasan Hannu a Ƙasar Ƙaraye

Gabatarwa



Duk wanda ya duba littattafan da muke koyar da tarihin ilmin ƙananan yara da su a kwalejojin ilmi zai tarar cewa labarin daga Jamus yake farawa. Za a gaya masa cewa Friedrich Froebel ya buɗe wurin wasa da aikin hannu na yara a garin Bad Blankenburg a 1837, a 1840 kuma ya raɗa masa sunan da ke nufin lambun yara. Daga nan sai a haura Italiya, inda Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa ta birnin Rum cikin watan Janairu na 1907. Sa'an nan a yi tsalle guda a diro Nijeriya a 1977. A duk tsawon wannan tafiya ba a ambaton ɗan Bahaushe, sai ka ce yana zaune ne ya naɗe hannu tun daga ranar yaye har ranar da aka miƙa masa allo.

Manufar wannan takarda ita ce ta duba abin da yaro yake yi da hannunsa a cikin gida tsakanin yaye, watau kimanin shekara biyu, zuwa shekara shida, da yadda wannan ya sassauya daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa yau. An taƙaita nazarin a kan Kafin Dafga da maƙwabtanta na ƙasar Ƙaraye da Rogo, a yammacin Jihar Kano. Abin da nake son nunawa shi ne, a wannan yanki tsakar gida ta daɗe tana ba yaro kayan gwaji da damar sarrafa su, amma ta yi masa rowar bayani; makaranta kuwa, a duk lokacin da ta yunƙura da gyara, bayani take kawowa, ta bar kayan a baya.

Madogara

Tarihin wasan yara yana da wuyar kamawa, domin kuwa kayansa ba sa kai wa baɗi. Motar kara gara ce ke cinye ta, dokin yumɓu kuma ruwan farko ne ke narkar da shi. Saboda haka an dogara a kan abubuwa uku: kalmomi, da rubuce-rubucen waɗanda suka gabata, da abin da na tashi na gani ko na ji daga bakin tsofaffin gidanmu.

Ta fuskar kalmomi, ƙamusun Bargery na 1934, mai ɗauke da kalmomi kimanin dubu 39, ya adana sunayen wasanni da tarkuna da kayan busa masu yawa, kuma kasancewar suna a ciki shaida ce cewa abin ya girmi shekarar. Ta fuskar rubutu kuwa, wannan yanki ya yi sa'ar da yankuna da yawa ba su yi ba. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta a Giwa tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, aka buga shi a 1954, ta yi ƙuruciyarta ne a Karo da Zarewa. Zarewa kuwa tana cikin Ƙaramar Hukumar Rogo a yau, a tsohuwar gundumar Ƙaraye. Ke nan muna da muryar mace wadda ta yi wasan ƙasa a wannan ƙasa tun kafin Turawa su ci Kano a 1903.

A nan ya kamata in yi wa malamaina masana adabi wani ɗan ƙorafi, tare da neman afuwa. Aikin tattara wasanni da aka yi tun daga farkon shekarun 1970, irin su littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya, aiki ne da ya ceci abubuwa masu yawa daga salwanta. Sai dai abin da baki ke furtawa ne ya fi samun gata, watau waƙa da amshi da kirari. Abin da hannu ke yi shiru a gindin rumbu bai sami mai rubuta shi sosai ba, don ba shi da baiti.

Su wa ke koyarwa?

Labarin Baba ya nuna tsarin da har a ƙuruciyarmu bai gama gushewa ba. Uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta sakin jiki da shi a gaban mutane. In an zo yaye, sai a kai yaro wurin kaka ko wata 'yar'uwa. Riƙo kuma ya yawaita. Ita kanta Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta reni 'ya'yan dangi. Abin da wannan ya haifar shi ne, malaman farko na yaro ba iyayensa ne kai tsaye ba. Yayye ne da kakanni.

Wannan rabon aiki yana da muhimmanci ga batunmu. Yaya shi ne mai nuna yadda ake yi. Ba ya bayani, sai dai ya ce, "Kawo nan, ba haka ake yi ba," ya karɓe, ya yi, ƙane yana kallo. Kaka kuwa, saboda wasan da ke tsakaninta da jika, ita kaɗai ce babbar da yaro zai tsare da tambaya ba a ce ya yi rashin kunya ba. Jika namiji mijinta ne, mace kishiyarta ce, don haka ana iya musu da ita. A ɗakinta ake tatsuniya da kacici-kacici, wanda a haƙiƙa jarrabawar lura ce, domin yaron da bai taɓa tsayawa ya dubi kaza ko inuwa ko tururuwa da kyau ba, ba zai ci gari ba.

Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal na birnin Kano a tsakiyar shekarun 1970, ta lura cewa yara suna da nasu ƙaramin ciniki a tsakaninsu, inda 'yan mata ke dafa 'yan abubuwa a ƙananan tukwane su sayar wa 'yan'uwansu yara. A ƙauye ma haka abin yake, sai dai matakin farko tuwon ƙasa ne. Yarinya 'yar shekara uku tana kwaɓa ƙasa da ruwa a sakaina. 'Yar shekara biyar an ba ta ɗan tsaki da 'yar tukunya ta gaske. 'Yar shekara bakwai ta fara dafa abin da za a iya ci. Babu ranar da aka ce wasa ya ƙare aiki ya fara.

Kakar kara

Manhajar wannan makaranta yanayi ne ke tsara ta. Da damina akwai taɓo da ƙwari da tsiro. Da kaka, bayan an girbe dawa, sai kara ya cika gari, kuma a nan ne aikin hannu na yara maza yake kai ƙarshen bunƙasarsa. Ina so in ɗan daɗe a kan wannan, don mai kallo daga nesa yakan raina shi.

Karan dawa abu biyu ne a haɗe: ɓawo mai tauri da santsi a waje, da totuwa mai laushi a ciki. Yaro yana ɓare ɓawon da haƙori ko da farce, ya tsaga shi siri-siri. Waɗannan tsage-tsage su ne ƙusoshinsa, totuwar kuma ita ce katakonsa. Da su yake haɗa gado da kujera da tabarau da kejin tsuntsu, daga baya kuma, bayan da motoci suka shigo ƙasar, da mota. Wanda bai kai ya ƙera ba, ɗan shekara uku ko huɗu, aikinsa miƙo kara da riƙe gefe ɗaya, har ya sami yankan ɓawo a yatsa sau biyu ko uku ya gane ta inda ake kama shi.

To, dubi abin da motar kara ke tilasta wa mai yin ta ya sani. In ginshiƙai huɗu ba su zo daidai a tsawo ba, motar za ta karkace, don haka dole ya gwada ɗaya a jikin ɗaya kafin ya yanke. In ya haɗa murabba'i kawai, zai ga yana lanƙwashewa, sai ya gitta wani kara daga kusurwa zuwa kusurwa ya ga ya tsaya cak. In ya fafe ƙafar mota daga sakaina bai huda ta a tsakiya sosai ba, motar za ta riƙa ɗingishi, abokai su yi masa dariya. Ba wanda ya ambata masa cibiyar da'ira, amma ya neme ta, ya kuma san hukuncin kuskure mata. Kayan da Froebel ya tsara wa yaran Jamus, su ma ƙwallo ne da guntayen katako da tsinkaye da ake sokawa cikin jiƙaƙƙen wake a haɗa siffofi. Bambancin tsinke da wake da ɓawo da totuwa kaɗan ne ƙwarai.

Daga karan nan kuma ake yin abin busa, wanda Ames da King suka kawo a littafinsu na kalmomin kiɗan Hausa na 1971 da sunan tilɓoro. Ana fitar da totuwar, a ɗaga ɗan siririn harshe a jikin ɓawon, a busa, ana buɗe bakin ana rufewa da hannu. Yaro yakan gane da kansa cewa dogon kara muryarsa kauri gare ta, gajere kuma siririya. Ranar da aka kai shi makarantar allo, alƙalamin da za a feƙe masa daga dangin wannan kara yake, tawadar kuma daga gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro. Bai shiga baƙuwar duniya ba.

Yumɓu shi ne na biyu. Ana ɗebo shi a bakin rafi ko kududdufi, a gina shanu masu tozo da dawaki da 'yan tukwane. In ruwa ya yi yawa, sa ya zauna. In ya yi kaɗan, ya tsage. Wanda aka shanya a tsakiyar rana yakan dare, wanda aka ajiye a inuwa yakan bushe lafiya. Wata rana kuma sai wani ya saci jiki ya tura nasa cikin rushin murhu. In bai gama bushewa ba, ya fashe da ƙara, a bi shi da muciya. In ya bushe, sai ya fito ja, yana amo in an ƙwanƙwasa, kuma ko an jefa shi cikin ruwa ba ya komawa taɓo. A aji huɗu ko biyar na firamare za a rubuta masa a allo cewa akwai canjin da ke komawa da wanda ba ya komawa, ya haddace, bai san ya riga ya yi gwajin da hannunsa ba.

Kada a ɗauka wannan ilmi a wasa yake tsayawa. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, ya ɗauki abin da kowace yarinya ta sani, watau ruwan randa ya fi na kwano sanyi, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, ya samar wa manoma hanyar adana kayan lambu ba tare da lantarki ba. Wannan ya ba shi lambar Rolex a shekarar 2000. Abin da ya ƙara a kan sanin gida shi ne dalili: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunya yana bin iska, yana tafiya da zafi.

Madafa da launi

Rabon 'yan mata ya fi yawa a madafa da gindin mazari. Wannan yanki ƙasar auduga ce tun da daɗewa, kuma kaɗi yana cikin ayyukan da Baba ta yi ta ambata a rayuwar mata. Yarinya tana fara wa da tsince 'ya'yan auduga, ta ga yadda ake gurza da shiɓa, sa'an nan a ba ta ɗan mazari. Kafin zare ya yi kyau, sai ta gane cewa nauyin dunƙulen yumɓun da ke gindin mazari shi ke sa ya daɗe yana juyawa. Ɗan'uwanta yana koyon wannan darasi a waje da katantanwa.

Launi kuwa, gidan Bahaushe cike yake da shi tun kafin a san fenti na kanti. Akwai lalle, da katambiri na zanen fuska, da karan dafi mai ba da ja wanda dukawa ke rina fata da shi, da gangamau mai ba da rawaya, da farar ƙasa da jar ƙasa na shafen ɗaki, da gawayi, da allin kaɗi. Akwai kuma abin mamakin da ke faruwa kullum ba mai tsayawa ya dube shi. In aka ɗiga ruwan kanwa ko ruwan toka cikin jiƙon zoɓo, jan yakan dushe ya yi duhu. In aka ƙara ruwan tsamiya ko lemon tsami, sai jan ya dawo. Gangamau in ya haɗu da kanwa sai ya koma ja. Yaron da ya bi mahaifinsa marina yana ganin zane ya fito daga karofi da ɗan kore-kore, iska na bugunsa ya rikiɗe ya zama shuɗi a kan idonsa. Gwajin da ake yi wa 'yan sakandare da takardar litimas da aka sayo da tsada, shi ne matar gida ke yi duk ranar da ta sa toka don ta kashe tsamin yakuwa.

Inda gida ya gaza

Ba daidai ba ne in tsaya a yabo. Tsakar gida ta ba yaro gani da taɓawa, amma in ya buɗe baki ya ce, "Me ya sa?", amsar da ya fi samu ita ce, "Haka Allah ya yi shi," ko kuwa, "Kai, ka cika surutu." Amsar farko gaskiya ce, sai dai an yi amfani da ita wajen rufe tambaya, alhali kamata ya yi ta buɗe ta. Inda kuma akwai haɗari, sai a kafa camfi a madadin bayani: yaron da ya yi wasa da wuta zai yi fitsarin kwance. Camfin ya tsare gidaje da yawa daga gobara, wannan ba musu. Amma ya koya wa yaro cewa tsakanin dalili da sakamako ba lalle ne a sami wata alaƙa da hankali zai kama ba, wannan kuwa kishiyar kimiyya ce.

Akwai kuma batun sura. Da yawa daga cikinmu mun ji ana tsoratar da mai ginin dokin yumɓu cewa za a ce ya busa masa rai ranar Lahira. Malamai sun yi magana mai faɗi a kan wannan, ba kuma fagena ba ne. Abin da tarihi ke iya faɗa shi ne, hadisin Nana A'isha da 'yan tsanarta yana cikin Bukhari da Muslim, kuma Alƙali Iyad, daga manyan malaman Malikiyya, yana cikin waɗanda suka kafa hujja da shi wajen halatta 'yar tsana ga 'yan mata don su koyi reno. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi gargaɗi cikin Ihya'u cewa hana yaro wasa da matsa masa da karatu kullum yana kashe masa zuciya ya dakushe masa basira. A aikace dai 'yar tsanar Bahaushiya, ta ƙashi ce ko ta kara, galibi ba ta da fuska, sai kitso da 'yan kunne da tsumman zane. Basirar zane kuma ta fi karkata ga siffofi marasa rai: dagi, da zanen ƙwarya, da adon gini, da ɗinkin hula, da zayyanar allo. Malamin da ya shiga aji a Kafin Dafga ya ce wa yara kowa ya zana mahaifiyarsa, don haka littafinsa ya ce, ya kamata ya san wannan tarihi kafin ya yanke hukuncin cewa ba su iya zane ba.

Kayan waje

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa da auduga ya buɗe, kaya suka fara shigowa ƙauyuka. Yara ba su ƙi baƙon abu ba. Langa-langar da ake ɗaure dilar kaya da ita ta zama mota mai sitiyari, gwangwanin madara da na kifi suka zama akwatin mota da ma'auni, tsohon bakin keke ya zama gare-gare, robar cikin taya ta zama danƙon harbi. Har zuwa nan yaro shi ne maƙeri. Kayan ne kawai suka sauya.

Sauyin da ya taɓa tushe ya zo ne daga shekarun 1970. Kwano da roba suka ture ƙwarya da tukunyar ƙasa, sakaina da tsingaro suka yi ƙaranci a bola. Atamfar masaƙu ta kwantar da mazari. Shirin raya aikin gona na Funtuwa, wanda ya fara a 1975, da na KNARDA a Kano daga farkon shekarun 1980, sun yaɗa takin zamani da noman masara a wannan shiyya, karan masara kuwa bai kai na dogowar dawa ƙwari da santsi ba. Karan da ya rage ya zama abin sayarwa, na dabbobi da na girki da na danni, har maigida ya fara sa masa ido. Sa'an nan motar roba ta iso kasuwa a ƙere, ba abin da ta bar wa yaro sai ja, in ta karye kuma ba ta gyaruwa.

Zuwan makaranta

Abin lura a tarihin boko a ƙasar Kano shi ne, tun farko an san darajar aikin hannu, amma kullum ga manyan yara ake nufi da shi. Makarantar da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909 tana da sashen sana'o'i, sai dai ɗalibansa samari ne. A watan Fabrairu na 1965 an yi taro a nan Kano wanda ya haifar da shirin koyar da kimiyya a makarantun firamare na Afirka, bisa aƙidar cewa yaro ya yi gwaji da abin da ke kewaye da shi. Ɗaya daga cikin darussan shirin da suka yi suna an gina shi ne kacokan a kan ɗan ƙwaron nan mai haƙa rami kamar mazurari a cikin rairayi yana jiran tururuwa, kuma ƙa'idar darasin ita ce in yaro ya yi tambaya a ce masa ya tambayi ƙwaron. Yaranmu sun daɗe suna tono wannan ƙwaro da tsinke a gindin katanga. A farkon shekarun 1970 kuma Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da taimakon UNICEF da UNESCO, ta gudanar da shirin kyautata ilmin firamare a jihohin Arewa shida, wanda ya ƙunshi kimiyya da ayyukan ƙirƙira. Duk waɗannan daga aji ɗaya suka fara.

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta biyo bayan taron manhaja na 1969, ita ce ta fara ba ilmin 'yan shekara uku zuwa biyar babi nasa. Abin da ta tsara yana da kyau: a cusa wa yaro son bincike da ƙirƙira ta hanyar duba halittu da muhallinsa da zane da kiɗa, a koyar ta hanyar wasa, a kuma yi amfani da harshen uwa ko na al'ummar da yaro ke ciki. Amma ta bar kafa makarantun a hannun masu zaman kansu. Mai neman riba kuwa inda masu albashi suke yake zuwa, don haka makarantun reno suka taru a birane, suka kuma mai da Turanci abin tallarsu. A ɗaya gefen, shirin UPE na 1976 ya fara ɗauke 'yan shekara shida zuwa sama daga gida da safe. Alheri ne babba, amma waɗanda ya ɗauke su ne yayyen nan masu cewa, "Kawo nan, ba haka ake yi ba."

Dokar UBE ta 2004 ta shigar da renon ƙananan yara cikin ilmin tushe, bugun Manufar Ilmi na 2013 kuma ya ƙara shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. Ta wannan hanya ce ajin ƙananan yara ya isa makarantun gwamnati na karkara, mu kuma a kwalejoji aka ɗora mana horar da malamansa. A watan Nuwamba na 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ba da sanarwar janye tsarin koyarwa da harshen uwa, ta mai da Turanci harshen koyarwa tun daga ajin share fage. Ko me mutum ke gani game da wannan mataki, ya ƙara wa gida nauyi, domin a nan ne yaro zai iya tambayar dalilin abu da harshen da yake tunani da shi.

Abin da na gani

Wata rana na je duba ɗalibata mai gwajin koyarwa a wata makaranta ta wannan yanki. Na tarar da yara cike da ɗaki, a ƙasa, 'yan shekara huɗu da biyar, suna bin ta da haruffan Turanci da ƙarfi har na tsawon darasi guda. Da na tambaye ta kayan koyarwa, sai ta ce akwai kwali ɗaya na kayan roba da aka kawo, amma yana kulle a ofis don kada yara su ɓata. A bayan tagar ajin nan kuwa gona ce, an tara kara ya fi tsayina. Na rage mata maki, daga baya kuma na ji kunya, don na tuna cewa ni na koyar da ita darasin kayan koyarwa, kuma hotunan da na nuna mata duka na ajin Montessori ne na ƙasashen waje. Ban taɓa shiga aji da kara ko ƙullin kanwa ba. Laifin da na rubuta a takardarta nawa ne.

Da na dawo sai na sa ɗalibaina kowa ya je gida ya koyo abin wasa guda ɗaya daga wani tsoho, ya zo ya ƙera shi a gabanmu, ya kuma kawo tambayoyi uku da za a yi wa yaro a kansa, irin waɗanda amsarsu ke hannun yaron: "In muka ƙara ruwa fa?" "Wanne zai riga nutsewa?" "Yaya za mu mai da jan?" Ƙera abin bai ba su wuya ba. Tambayoyin ne suka gagari da yawa daga cikinsu, domin su ma ba a yi musu ba. Wannan shi ne aikin da nake ganin ya rataya a wuyan kwalejojinmu, da azuzuwan yaƙi da jahilci da Islamiyyun matan aure, inda iyaye mata da kakanni suke taruwa: ba sai an kai musu kaya ba, tambayar za a kai musu.

Madatsar ruwa ta Calawa, wadda aka gama a 1992 a ƙasar Ƙaraye, ta cinye gonaki da fadamu, ta ta da ƙauyuka, ta kuma kawo su da kwalekwale inda da ba a san su sosai ba. A hutun da ya wuce na tsaya a bakin wani kududdufi ina kallon yara uku, babbansu bai fi shekara shida ba. Sun yanka tsohon silifa sun yi kwalekwale, suna ɗora masa tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. Duk lokacin da suka tara tsakuwar a gefe guda sai ya kife. Ƙaramar cikinsu, wadda aka ba aikin tsinto tsakuwa, ita ce ta matso ta jera su a tsakiya, ya ɗauki bakwai kafin ruwa ya hau kansa. Na tambaye ta me ya sa bai kife ba wannan karon. Ta dube ni, ta dubi yayanta, sa'an nan ta kwashe tsakuwar ta sake jerawa a gefe don ta nuna mini.